Nata Tikitin Daban Aka Yanka

Shafi na 19

"Wannan ba ta cikinsu."

Ba da kowa a cikinsu matar kantar ta yi maganar ba. Da abokin aikinta ta yi, ƙasa-ƙasa, da Turanci, ko kai ba ta ɗago ba. Ta haɗa fasfo uku wuri ɗaya, na Mama da na Yaya da na Auta, sannan ta sa yatsa ɗaya ta tura na huɗun gefe.

Siririya ta ji. Turancinta na sakandare ne, in aka yi sauri kuɓuce mata yake yi, amma wannan kam tsaf ya shiga kunnenta, ya samu wuri ya zauna.

Tana tsaye bayan keken da Mama ke zaune a kai, jakar hannun Mama a kafaɗa ɗaya, tata a ɗayar. Ba ta motsa ba. Fasfon nata kawai take kallo, yana can bakin kantar shi kaɗai, kamar wani ne ya manta da shi.

Tun safe ranar ta karkace. Jirginsu na farko ya daɗe a ƙasa ana gyaran wani abu da ba a gaya musu ba, suna ciki a zaune har ƙafafun Mama suka kumbura. Kafin su sauka a wannan filin da za su canza jirgi, na biyun ya yi tafiyarsa. Can kuma inda za su, Baba na kwance a asibiti, gobe da safe za a shiga da shi tiyatar zuciya. Anti Babba, babbar 'yar gidan da ke aure a can, ita ce a wurinsa. Abu ɗaya ya roƙa, ya ga kowa kafin a shiga da shi.

Na'ura ta yi ƙara ta tofo kati uku. Matar ta miƙa wa Yaya da murmushin aiki, ta ba da haƙuri, ta ce laifinsu ne, don haka sun sa su a jirgin yamma, ga kuma takardar cin abinci kyauta.

Mama ta ɗaga hannu ta yi hamdala.

Auta ce ta leƙa hannun Yaya.

"Uku ne fa."

"Na gani," in ji shi, bai kalle ta ba.

Daga yadda ya faɗa Siririya ta gane ya riga kowa sani.

Ya jingina da kantar ya sauke murya, ya shiga irin Turancin da yake yi in yana so a san ya yi makaranta. Matar ta bari ya gama. Ta juyo masa da fuskar kwamfutar, ta bi da bayan biro tana nuna masa. Su ukun tikitinsu ɗaya ne, daga gida har inda za su, duk abin da ya faru a hanya a wuyan kamfanin yake. Ita wannan kuwa nata a nan ya ƙare. Alkawarin da suka yi mata su kawo ta nan, ga ta kuma sun kawo. Ragowar tafiyar a wani kamfani daban aka yanka, sai su je can su yi magana, ƙarshen zauren nan, hannun hagu.

Yaya ya ce ai su suka jawo lattin. Ta ce haka ne. Ya ce to a sayar masa da kujera ɗaya a jirgin yamman. Ta ce ya cika maƙil, duk waɗanda suka makara tare da su a ciki aka zuba su. Ta sake ba da haƙuri. Ta riga ta fara kallon mutumin da ke bayansu.

"Me take cewa ne?" Mama ta tambaya.

"Ba komai Mama, 'yar matsala ce ta kwamfuta. Yanzu za mu dawo."

Siririya ta san ba kwamfuta ba ce. Ta tura keken gefe, ta taka birki, ta ce wa Auta kar ta bari Mama ta sauke ƙafa ƙasa.

*

Yaya na gaba tana bin sa. Dama shi tafiyar sauri gare shi ko ba abin sauri, yau kuwa sai da ta haɗa da ɗan gudu. Suka wuce shagunan turare, da na agogo, da wani da aka jera cakulan a ciki kamar bulo. Ko'ina fitila, ko'ina sanyi, ba ka sanin inda rana take sai ka je jikin gilashi.

A ɗaya kantar wani mai sanƙo suka tarar, yana tauna wani abu a ɓoye. Ya karɓi fasfon ya danna, ya danna. Ya ce jirgin ya tashi a kan lokacinsa. An yi ta kiran ta a lasifika ba ta zo ba. A wurinsu wanda bai zo ba bai zo ba ne, ba ruwansu da abin da ya tsare shi a jirgin wani kamfani. Tikitin ya ƙone.

Yaya ya ce to na dawowar fa, a juya shi ya zama na zuwa. Mutumin ya ce na dawowar ma ya bi ɗan'uwansa, haka tsarin yake, in ba ka hau na farko ba sauran duk sun tafi.

Sabon tikiti fa?

Yau babu kujera. Gobe babu. Jibi wataƙila, in wani ya fasa.

Sai ya ɗago ya dubi Siririya. Shi ne mutum na farko da ya dube ta tun saukarsu. Ya tambaya ko tana da kaya, Yaya ya ce akwati ɗaya. Tana da bizar ƙasar nan? Babu. Mutumin ya ɗan karkace baki. Ya ce akwatin yana ƙasa, inda kaya ke zagayowa, bayan jami'an shige da fice. Ko da jirgin bai makara ba, sai ta fita ta ɗauko shi ta sake kai shi awo, ita kuma ba ta da izinin taka wajen. Shi mamaki ma yake da aka bar ta ta hau da kaya tun daga can.

Siririya ta tuna ma'aikacin da ya auna musu kaya da safe, yadda ya riƙe fasfonta ya daɗe yana juyawa, yadda Yaya ya cusa masa waya a fuska yana nuna masa tikiti na biyu, yana cewa ya bari kawai, in sun isa za su san yadda za su yi. Ita lokacin tana durƙushe tana fama da zif.

Yaya ya ciro katinansu ya nuna, kamar hakan zai canza wani abu. Mutumin ya leƙa, ya girgiza kai. Ya ce ai dama ba jirgi ɗaya za ta hau da su ba. Ko da komai ya tafi daidai, nata ta wata ƙofa yake tashi, a wancan ginin.

Wannan ma ta ji.

A hanyar dawowa Yaya ya rage sauri har suka jera. Ya saya mata ruwa a wani shago, ya buɗe mata da kansa, abin da bai taɓa yi ba.

"Da zan raka ki har ƙofar jirgin naki," ya ce. "In kin sauka muna nan muna jiran ki. Ba wani abu ba ne."

Ta ce to.

"Kin dai san ba da gangan na yi ba."

Ta ce ta sani.

Ya tsaya yana jiran ta ƙara wani abu, ko kuka, ko tambaya. Ta sha ruwan. Sanyinsa ya bi ta haƙoranta, shi kaɗai take ji a jikinta.

Can bayan wani ginshiƙi ta hango wata mata ta haɗa kujeru ta yi gado. Ta wanke safa ta shanya a hannun kujera, buroshinta na cikin kofin takarda, wayarta a jikin soket. Ba ta kallon allon da ke nuna jirage. Kowa a zauren yana ɗaga kai ya duba allon nan, ita ta daina. Siririya ta kalli safar ta daɗe, har Yaya ya ce ta taho.

*

Mama ta saurara har ƙarshe. Yaya ya rage abin, ya shafa masa mai, amma ba yadda za a yi a shafa wa jibi mai ya zama yau. Ta yi salati a hankali. Sai kuma ta dafe hannun keken kamar za ta miƙe.

"Akwatinta fa? Hotunan babanku suna ciki."

Da safe akwatin Mama ya wuce nauyin da aka yarda. Suka yi abin da suka saba yi duk tafiya, aka baje akwatuna a ƙasa gaban jama'a, ana kwasa daga mai nauyi ana turawa cikin marar nauyi. Na Siririya ne rabinsa fanko, kamar kullum. A nan aka shimfiɗa babban ambulan ɗin hotunan ƙirjin Baba, tsofaffin da likitan can ya ce lallai a taho da su ya gwada da sababbi. Siririya da bakinta ta ce a sa su a nata, a ƙasa, ta jera kayanta a kai don kar su lanƙwashe.

Daga nan magana ta koma kan akwati.

Yaya ya ce za a iya roƙon su su aiko da shi. Mama ta ce yaushe zai isa, tiyata gobe ce. Auta ta ce ba wanda ya ɗauke su a waya? Yaya ya ce wane irin ɗauka, abin da sai an ɗaga shi a haske ake gani. Aka kira Anti Babba, fuskarta ta cika wayar, tana tafiya a wata doguwar barandar asibiti, murya na yankewa tana dawowa. Ta yi faɗa sosai. Ta ce sau nawa ta ce a riƙe hotunan nan a hannu. Ta ce bari ta tambayi likita ko zai iya yi babu su. Ta ce su dai su taho, kar wanda ya kuskura ya rasa jirgin yamman nan, kuma kar a gaya wa Baba komai, da ƙyar aka saukar masa da jini jiya.

Har za ta kashe, ta ce, "Gara ma da Siririya ta tsaya. Sai ta bi sawun akwatin ta taho da shi."

Yaya ya ce hakan ma dabara ce.

Siririya na zaune a kan kafet, ta ɗora ƙafar Mama a cinya tana matsawa daga idon sawu zuwa sama, yadda aka koya mata a asibitin gida. A kanta ake maganar, ta saman kanta kuma take wucewa. Ta lura ba wanda ya ce za a bar ta. Ba kuma wanda ya ce ba za a bar ta ba. An dai wuce wurin, kamar yadda ake tsallake ruwan da ya zube a bakin ƙofa.

Da aka kashe wayar Mama ta juya kan Yaya. Ba ta ɗaga murya ba, Mama ba ta ɗaga murya a cikin mutane. Ta ce sai da ta ce masa ya je wurin ejan ɗin da babansu ke zuwa. Ta ce komai sai ya ce yana cikin waya, waya, waya, to ga inda wayar ta kawo su. Ta ce tun yana ƙarami haka yake, in aka aike shi ba ya bin titi, sai ya nemo lungu. Ta ce ita ba ta taɓa jin inda aka yanka wa 'yan gida ɗaya tikiti gida biyu ba.

Yaya na shan faɗan, kansa a ƙasa. Ya sha, ya sha. Sai ya ɗago.

"Mama, ranar da na yanki namu, mutum nawa kika ce min?"

Mama ta kau da kai.

"Uku kika ce. Na ce Siririya fa, kika ce ta zauna da gida."

"Yaya," in ji Auta.

"A'a, bari a faɗa, tunda ni kaɗai ne mai laifi. Sai da Baba ya bugo ya ce a faɗa masa masu zuwa. Ya ce in babu ita kar kowa ya zo. Lokacin jirginmu na biyu ya cika. Abin da na samu na haɗa mata."

Hannun Siririya bai tsaya ba. Daga idon sawu zuwa sama, ya dawo, ya sake hawa.

Ta tuna ranar. Tana wanke-wanke Mama ta shigo kicin ta tsaya a bayanta, ta ce, shirya kayanki, tafiyar nan ba zan iya ta babu ke ba. Ta daɗe tana juya maganar a ranta. Ta ɓoye ta kamar sabon ɗan kunne, ko Auta ba ta nuna wa ba.

"Gidan fa?" in ji Mama, ba da kowa take ba, da iska take. "Haka za a rufe gida ba kowa a ciki? Abin da na duba ke nan."

Lasifika ta kira wasu mutane zuwa wata ƙasa.

Siririya ta sauke ƙafar a hankali, ta ce lokacin salla ya yi, bari ta kai Mama ta yi alwala.

*

Banɗakin masu keke faɗi gare shi, fari fat, yana warin maganin wanki. Famfon irin mai zubowa da kansa ne in ka kai hannu, ya ɗauke in ka janye. Ta tara ruwa a robar da Yaya ya saya mata, ta wanke wa Mama ƙafa, tsakanin yatsu, dunduniya, ta goge da gefen mayafinta.

Tun ba ta iya ɗaura ɗankwali ba aka kawo ta gidan, bayan rasuwar mahaifiyarta, ƙanwar Mama. Ba ta san wata uwa ba. Mama ce ta yi mata kitson shiga makaranta, Mama ce ta kwana a kanta lokacin ƙyanda. In baƙi suka tambaya, Mama kan ce yarana huɗu, bakinta bai taɓa yin tuntuɓe a wurin ba. Ita kuma Siririya ta koyi wani abu tun da wuri, ba wanda ya koya mata. Akwai abin da in ba ka tambaya ba, yana nan yadda kake son sa. In aka sayo abu bai isa ba, sai ta ce ita dama ba ta so. In mota ta cika, sai ta ce kanta ke ciwo. Kullum ita ke riga kowa janyewa, don kar ta tsaya ta ga ko za a janye ta.

"Kin ji abin da yayanki ya ce."

"Na ji."

"Ba yadda ya faɗa ba ne."

"To Mama."

"Ke ce mai hankalin cikinsu. Ke kaɗai zan bar wa makulli in yi barci."

"Na sani."

Mama ta dube ta ta madubi, ta daɗe, kamar tana so a yi mata gardama. Siririya ta rufe robar, ta buɗe ƙofa, ta jawo keken da baya ta fito da shi.

*

Takardar abincin ta mutum uku ce. Auta ta karɓo, ta raba nata biyu ba ta tambayi kowa ba, ta zauna a ƙasa ta jingina da kafaɗar Siririya yadda suke yi a gadonsu. 'Yan watanni ne tsakaninsu. Aji ɗaya suka yi, takalmi ɗaya suke sawa.

Auta ta shiga zuba surutu. Ta ce ke kam kin more, kwana biyu a tsakiyar shagunan turare, ki bi su ɗaya bayan ɗaya kina fesa na gwaji, kafin jibi Baba zai jiyo ki tun daga nan. Ta ce in ta ga wani mai kuɗi ya rasa jirginsa kar ta yi masa irin shirun nan nata, ta dai ce sannu, ƙila su dawo su tarar an gama magana. Ta zuba mata caja da cingam da man leɓe a cinya. Siririya ta yi murmushi, tunda an yi abin murmushi.

Sai Auta ta gyara zama.

"Ni zan zauna da ita."

Yaya ko ɗagowa bai yi daga waya ba.

"Ki zauna a ina? Yarinya kamarki, a filin jirgi, ƙasar da ba ki san kowa ba? Kin san irin mutanen da ke yawo a nan?"

Sai da ya kai ƙarshen maganar ya ji ta.

Auta ta dubi Siririya. Yaya ya ƙara sunkuyawa a kan wayarsa. Mama ta buɗe jakar hannunta tana neman wani abu, ta daɗe tana nema.

Shi kansa ba zai iya tsayawa ba, ya yi bayani can daga baya, ko da yake ba wanda ya tambaye shi. Jininsa ne ya yi daidai da na Baba, asibiti sun ce ya kasance a kusa. Kuma duk wanda bai hau ba, nasa tikitin ma ya ƙone. Da sun sauka zai zauna a kan maganarta, ba zai runtsa ba sai ya samo mata kujera. Ya gwada kama ta jibin tun yanzu, katinsa ne ya ƙi ci, banki sun ga baƙuwar ƙasa sun rufe.

Mama ta tambaya, idonta na cikin jakar, ko ba za a iya mayar da ita gida ba. Yaya ya ce na komawar da ya rage a wurin kamfanin farko sai ƙarshen wata, canza shi wani aiki ne daban. Aka bar maganar a nan.

Ana haka wayar Mama ta yi ƙara. Baba ne da kansa. Mama ta gyara murya, ta ce lafiya ƙalau, ɗan latti ne aka samu, yanzu za su taso. Ta saurara. Ta miƙo wa Siririya wayar ba ta kalli kowa ba.

"Ke yake nema."

Muryarsa ta yi ƙasa, numfashi na shiga tsakanin maganar.

"'Yar gidan Baba. Yau an hau jirgi, ko? Kin ji tsoro?"

"Kaɗan, Baba."

"Na biyun ki zauna ta taga. Ki ce in ji ni, Auta ta bar miki. Ita ta saba."

"To Baba."

"Sai kun iso."

Mama na kallon bakinta. Yaya ma.

"Sai mun iso," ta ce.

*

Rana ta yi ƙasa a jikin gilashi lokacin da aka fara kira. Masu keke da masu yara a gaba. Wani ma'aikaci mai riga mai ƙyalli ya zo ya karɓi katin Mama ya duba, ya zagaya bayan keken ya tsaya. Daga nan zuwa cikin jirgi aikinsa ne. Wanda ba shi da kati, iyakarsa nan.

Yaya ya ciro fasfon Siririya daga aljihun gaba ya sa mata a hannu. Tunda aka yi shi, yau ta fara riƙe shi da kanta. Ya shiga jero mata. Ta zauna kusa da kantar mai sanƙon nan, kar ta yi nisa. Kar ta karɓi kayan kowa ko da tsohuwa ce. Kar ta yi barci waya a hannu. In ta ga mata masu yara ta matsa kusa da su. Ya cusa mata 'yan kuɗin da ke jikinsa. Tana ta cewa to, to.

Auta ta rungume ta ta baya, ta jiƙa mata wuya, ta saki ta tafi layi da sauri, ba ta waiwayo ba.

Mama ta cire babban mayafinta mai kauri, wanda take rufa da shi in sanyi ya dame ta, ta ninke ta miƙo. Ta ce wurin nan da sanyi, ta riƙa rufe ƙirjinta. Ta ce ta riƙa addu'a. Ta ce jibi kamar yau ne. Ta ce Allah ya yi mata albarka, ita kam ba ta taɓa ba ta ciwon kai ba, tunda take.

Ma'aikacin ya saki birki. Keken ya motsa, takalmin Mama na hagu ya zame daga kumburarriyar ƙafar ya faɗi.

Siririya ta durƙusa ta ɗauka. Ta kama dunduniyar ta mayar, ta sassauta maɗaurin. Ta gama. Ba ta tashi ba. Hannunta na kan ƙafar, ƙafar da ɗumi, ita kuma yatsunta kamar na wata.

Ma'aikacin ya yi gyaran murya. Yaya ya leƙo daga layi ya ce su ake jira.

Ta ɗago. Rabonta da ta kalli Mama cikin ido har ta manta. Muryar da ta fito ba ta rawa, irin wadda take tambaya da ita ne ko a ɗora ruwan zafi.

"Mama."

"Na'am, 'yar albarka."

"Da Auta ce, za ki hau?"